Mai Busa, Madam Sanda da Manoman Aujara

Ranakun aiki da yawa sun shige ba su bar mini komai a rai ba, amma har gobe ban manta da ranar da muka karɓi baƙuncin wani mai busa da makaɗan Turawa a nan Dutse ba. A lokacin ina jami'in al'adu a mataki na takwas, a wata hukuma da tuni aka narkar da ita cikin wata, don haka ba sai na kama suna ba. Ku da kuka shigo aiki daga baya, mataki na takwas shi ne inda ake tura mutum ya tarbo baƙo, ya ɗaukar masa jaka, ya yi masa tafinta. In abu ya yi kyau a yaba wa Darakta, in ya ɓaci a nemo wanda ya ɗauki jakar.

Wata cibiyar al'adu ta ƙasar waje ce ta shirya rangadin kiɗa a wasu biranen ƙasar nan. Ƙungiyar ƙarama ce, mutum goma sha wani abu, dukkansu masu goge irin na Turawa: akwai ƙananan da ake maƙalewa a wuya, akwai manyan da ake jinginawa tsakanin ƙafafu, akwai kuma wani guda da ya fi mai kaɗa shi tsawo. Tare da su akwai ɗan Najeriya ɗaya mai busa saksafon, wani abin busa na tagulla mai kama da ƙaton lofe. Irin kiɗansa ana ce masa jaz.

Dutse ba ta cikin tsarinsu na farko. Daraktanmu ne ya ji labarin a wani taro a Abuja, ya nace a sa mu, ya shaida musu cewa a garinmu masoya jaz sun fi ƙarfin kowane ɗakin taro. Da ya dawo ya kira ni ofis, ya sa na rufe ƙofa, ya ce, "Malam Isiyaku, mene ne jaz?"

Sun iso a farkon damina, lokacin da gero ya fara tasowa kowa yana neman taki. Shugabar makaɗan wata Baturiya ce siririya mai furfura, ba ta kaɗa komai, ita dai tana tsayawa a gabansu da wata 'yar sanda tana nuna musu inda za su shiga da inda za su tsaya. Kafin a gama sauke kaya direbobinmu sun sa mata Madam Sanda, sunan kuwa ya bi ta har suka bar garin. Mai busar sunansa Mista Gyang, dogo, da baƙin tabarau da murɗaɗɗen gashi har kafaɗa.

Na kai su gaisuwa ofishin Darakta. Ana cikin musabaha da Turanci, sai Darakta ya juyo gare ni ya rage murya ya ce da Hausa, "Wannan mai gashin, ka tabbata ba ya shan wani abu? A sa masa ido."

Mista Gyang ya cire tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, shayi kaɗai nake sha, shi ma babu sukari. A Jos aka haife ni."

Darakta ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba ya ce, "Ai namu ne." Daga ranar bai sake yin magana a gabansa ba sai ya fara duba ko'ina.

Bari in bayyana muku yadda aikinsu yake, don nan ne rigimarmu ta farko ta fito. Kowane mai goge yana da takarda a gabansa, an rubuta masa duk abin da zai kaɗa, ba ƙari ba ragi. Idan aka kai wani wuri, sai Madam ta kwantar da su su yi ƙasa-ƙasa, ta bar wa Mista Gyang fili. Shi ba shi da takarda. Abin da ya zo masa a lokacin shi yake busawa, in ya gama ya gyaɗa mata kai ta dawo da mutanenta. Tun daga Legas suke faɗa a kan wannan gyaɗa kan. Ta ce mini shi kamar baƙo ne da zai yi sallama ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya zauna. Shi kuma ya ce da za ta iya, da numfashinsa ma sai ta rubuta masa a takarda.

To, a ƙa'idar aikinmu duk abin da za a gabatar a gaban manyan baƙi sai an kawo shi a rubuce an tantance. Madam ta miƙa nata, damin takardu cike da ɗige-ɗige. Darakta ya juya shafi biyu a kife, ya ce babu abin da ya saɓa wa tarbiyya, ya sa hannu. Sai ya ce saura na mai busa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi bai san abin da zai busa ba sai ya fara busawa."

Ya ce, "To in ya zagi gwamnati fa?"

Na ce ai babu magana a ciki, busa ce zalla.

Ya ce, "Malam Isiyaku, ba ka taɓa jin an zagi mutum da kalangu ba?"

Na koma wurin Mista Gyang na faɗa masa halin da ake ciki. Ya ce, "Rubuta cewa zai busa abin da ya sawwaƙa." Na rubuta haka a fayil. Darakta ya karanta ya ce wannan magana ce ta mutunci, ya amince.

Rigima ta biyu ta fi wannan girma. A wurin gwaji Darakta ya shigo ya tarar da Madam a tsaye tana fuskantar makaɗanta, bayanta yana kallon kujerun da aka tanadar wa manya. Ya tambaye ni ko haka za ta tsaya gobe. Na ce haka aikin yake, dole su ga sandarta. Ya ce a tarihin hukumar nan ba a taɓa juya wa babban baƙo ƙeya ba, kuma ba a zamaninsa za a fara ba. Madam ta ce ita ma ba ta taɓa juya wa makaɗanta baya ba. Na yi ta kai gwauro ina kai mari tsakaninsu, ina rage wa kowace magana zafi kafin in fassara ta.

A ƙarshe Darakta ya samo mafita da har yau yake alfahari da ita. Aka ɗauki teburin manya aka hau da shi kan dandamali, aka ajiye shi a bayan makaɗan. Ka ga Madam za ta fuskanci makaɗanta, ta kuma fuskanci manya. Waɗanda za ta juya wa baya su ne sauran jama'a, wannan kuwa babu inda tsarin aiki ya hana. Mai dogon gogen nan sai da aka matsar da shi can gefe, don yana tare fuskar babban baƙo daga masu ɗaukar hoto.

Saura jama'ar da aka yi alkawari. Shiga kyauta ce, mun raba katin gayyata a ofisoshi, mun manna sanarwa daga unguwar Takur har Limawa. Waɗanda suka nuna sha'awa su ne wasu ma'aikata 'yan Filato da Kudancin Kaduna masu waƙa a coci, da malaman makaranta ƙalilan, da wani likita. Duka-duka ba za su cika layi uku ba. Ana gobe taro na kai wa Darakta wannan labari. Ya ce, "Bar mini wannan." Ina fita na ji yana waya da wani ɗan siyasa yana kiransa shugaba.

Ranar taro, tun kafin azahar, sai ga motoci suna shigowa daga wajen Aujara. Manoma ne, yawanci dattawa, da mata kaɗan, kowa cikin kayansa na Juma'a. Na lura kowanne yana riƙe da buhu a naɗe a hammata. Na ɗauka don ruwan sama ne, tunda hadari yana ta haɗuwa. Suka cika ɗakin taron maƙil, suka zauna babu hayaniya.

An tsara a fara bayan la'asar a gama kafin magariba. Babban baƙon bai samu zuwa ba, ya turo wakili, shi ma wakilin wani uzuri ya taso masa ya turo nasa wakilin. Wannan na ukun shi muka jira har rana ta fara sanyi. Mai gabatarwa ya jero manya ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu na da da na yanzu. Makaɗan suka fara daidaita tsirkiyoyinsu, kowa yana jan nasa ƙiii-ƙiii, da suka tsaya teburin manya ya ɗauki tafi. Wakili ya ce wa Darakta lallai Turawa sun iya, amma ya yi gajere.

Sannan aka fara na gaskiya. Ba zan yi muku ƙarya in ce na fahimci kiɗan ba, amma na ji shi. Gogen suka taso a hankali tare, kamar iskar da ke gaba da ruwa. Can sai suka kwanta, Mista Gyang ya shigo da wata murya mai kauri, kamar mutum yana ba da labari yana tsayawa ya haɗiye wani abu. Madam tana jiransa da sanda a sama, leɓenta yana motsi, na san ƙirga take yi.

A bayan makaɗan kuwa ga manyanmu a fili kowa yana kallonsu. Biyu suna danna waya, ɗaya ya yi barci baki buɗe. Duk lokacin da Madam ta ɗaga sanda da ƙarfi, wakili sai ya ɗauka shi take nufi. Sau biyu yana miƙewa tsaye, Darakta yana jawo masa riga.

Manoman kuwa ko tari babu mai yi. Ba wanda ya fita, ba wanda ya yi magana da na kusa da shi. Idanunsu duka suna kan dandamali. Da aka je hutun rabin lokaci, Madam ta kama hannuna idonta cike da ƙwalla. Ta ce ta zagaya ƙasashe, ba ta taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba. Ta ce tana jin shirunsu a bayanta kamar abu mai nauyi, mutanen nan suna jiran kowane sauti da dukkan zuciyarsu.

Tana barin wurin, wani dattijo ya matso kusa da ni da buhunsa. Ya ce sunansa Haladu. Mista Gyang yana gefena yana goge bakin abin busarsa.

Dattijon ya ce, "Malam, don Allah tambaya nake. Bayan wannan goge-gogen ne za a fara kiran suna, ko sai an yi sallah?"

Na ce, "Wane suna, Baba?"

Ya ce, "Na takin mana. An ce mu zo da buhu, kuma duk wanda ya yi surutu a gaban Turawa za a cire sunansa. Ni na bar noma rabi, na bar 'yan ƙwadago babu mai duba su. Ba mu yi surutu ba ai, ko?"

Na ce, "Ba ku yi ba, Baba."

Mista Gyang ya daina goge abin busar. Ya gaishe da dattijon da Hausa, ya tambaye shi mutum nawa aka faɗa wa haka. Ya ce dukkansu. Ya tambaye shi ko kiɗan ya yi masa daɗi. Baba Haladu ya duba hagu da dama ya ce, "In faɗin haka yana cikin sharaɗi, ya yi daɗi."

Na je na samu Darakta a teburin manya na raɗa masa. Bai ko juyo ba. Ya ce, "A bari a gama. In sun hau mota za su fahimta."

Na dawo na faɗa wa Mista Gyang amsar da aka ba ni, don ya tambaya. Da aka koma, Madam ta ɗaga sanda, sai ya ɗaga mata hannu ya nufi mai gabatarwa ya karɓe makirfo. Ya yi sallama, ɗakin ya amsa gaba ɗaya.

Ya ce, "Iyayena, ni mai busa ne, ban zo da taki ba. Waɗannan Turawan ma ba su zo da shi ba, ba su ma san an faɗa muku haka ba. Babu sunan da za a kira, don haka babu sunan da za a cire. Wanda ya ga dama ya yi tari." Sai ya juya ya nuna teburin manya. "Amma ga manya nan a gabanku. Wataƙila su sun san inda takin yake."

Ya taka har teburin ya ajiye makirfo a gaban wakili.

Na daɗe ina aikin gwamnati, ban taɓa ganin mutum yana kallon makirfo kamar maciji ba sai ranar. Wakili ya dubi Darakta, Darakta ya dubi silin. A ƙarshe wakili ya miƙe, wannan karon ba wanda ya ja masa riga. Ya ce ya ji koken jama'a, zai isar da shi ga wanda yake wakilta, shi kuma ya isar ga wanda ya wakilto shi, kuma za a kafa kwamiti.

Na ɗauka za a yi jifa da kujeru. Ba a yi ba. Wani guna-guni ne ya tashi daga baya ya biyo layi-layi har gaba. Wasu suka miƙe suka nufi ƙofa, sai suka tarar direbobi sun kulle motoci, an ce musu kada su tashi sai an rufe taro. Ga ruwa ya fara sauka. Suka dawo suka zauna, wasu suka shimfiɗa buhunan a ƙasa suka miƙe ƙafa.

Madam ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta tambaye ni me ya ce. Darakta ya harare ni daga nesa. Na ce mata ya gaishe su ne, sauran bayanin shi zai yi mata da kansa. Ta ɗaga sanda.

Rabi na biyu kasuwa aka yi. Ana hira, ana tsaki, ana ɓare gyaɗa, wani yana waya da ɗansa yana ce masa ya sallami 'yan ƙwadago. Ƙeyar Madam ta sandare, tana kaɗa sandar kamar mai korar ƙuda. Da aka zo wurin da ake bar wa Mista Gyang fili, bai tsaya a kan dandamali ba. Ya sauko cikin mutane yana busawa. Wani tsoho ya yi tsaki, sai ya mayar masa da tsakin da saksafon, daidai yadda ya yi shi. Aka yi dariya. Wata mata tana faɗa da ƙarfi cewa Allah ya isa, ya ɗauki muryarta ya busa ta, hawa da saukarta duka, ya juyar da bakin abin busar wajen teburin manya ya sake busawa. Ba kalma a ciki, amma babu wanda bai ji abin da aka ce ba. Ɗakin ya ɗauki sowa, wata ta rangaɗa guɗa.

Ya daɗe bai gyaɗa kai ba. Madam ta gaji da ƙirga, ta sauke sanda, ta juyo a karo na farko ta kalli mutanen da take ba wa baya tun la'asar. Ta ga buhuna a ƙasa, ta ga ana tafi ba a kan ƙa'ida ba. Mai dogon gogen da aka kora gefe shi ya fara bin Mista Gyang ba tare da an ba shi izini ba, sai sauran suka bi ɗaya-ɗaya, takardunsu a gabansu ba mai kallo. Da ya gyaɗa kai a ƙarshe, ita ma gyaɗa masa ta yi, ta rufe kiɗan ana dab da kiran magariba.

A bakin mota na ga Baba Haladu yana naɗe buhunsa. Ya ce wa Mista Gyang, "Mai busa, na biyun ya fi. Amma gero ba ya jin busa." Mista Gyang ya ce haka ne, Baba, ya ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Washegari da na je raka su, Madam ta riga ta ji komai. Ba ta yi wa Darakta sallama ba. Ni kuma ta ce mini abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu ba ta taɓa jin makaɗanta sun yi kyau kamar a rabin farko ba, ga shi ta san dalili.

Ni na samu takardar tuhuma, a kan na bar baƙo ya karɓi makirfo ba tare da yana cikin jadawali ba. Na amsa, aka ja mini kunne. Rahoton da aka aika sama ya ce ɗakin taro ya cika har ya tumbatsa, manoma sun nuna ƙaunar jaz ta hanyar guɗa, an haɗa da hotuna. Darakta ya samu yabo. Kwamitin ya zauna, takin kuma ya isa Aujara bayan an gama girbi.

Ku da za ku gaje mu, abin da na ɗauka daga ranar shi ne wannan. A aikinmu an fi damuwa da kujera ta cika fiye da abin da ya kawo mai zama a kanta, kuma hoto ba ya nuna bambancin mai sauraro da mai jira. Don haka duk ranar da kuka shirya taro kuka ga talakawa sun yi tsit suna kallon dandamali, kada ku yi saurin rubuta cewa sun gamsu. Ku sauka ku tambayi ɗaya daga cikinsu me aka ce masa kafin ya hau mota.